Baba na son ganin duwatsu da teku, Inna na tsoron hanya: in fasa tafiyar?

Assalamu alaikum, Hajiya. Ina aiki a Jidda, ina zaune da matata da yaranmu. Mu 'ya'yansu mun haɗa kuɗi za mu kawo Baba da Inna Umara cikin watan Nuwamba. Baba yana da shekara 74, tsohon malamin labarin ƙasa ne. Tun muna yara yake zana mana duwatsun Hijaz da Bahar Maliya, amma da ya zo aikin Hajji bai ga komai ba ban da Makka da Mina da Arfa da Madina. Na ɗauki hutun kwana 10, na tsara bayan Umara in ɗauke su a motata mu hau Ɗa'ifa, mu wuce Baha da Abha, mu gangara Jizan, mu biyo gaɓar teku mu dawo Jidda, duk a kwana 6. Baba ya kasa ɓoye murnarsa. Inna kuwa, mai shekara 67, tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa, mota kuma tana sa ta jiri. Abin da ta ce kawai shi ne, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Baba ma yana shan maganin hawan jini. Yayarmu ta kira ni ta yi faɗa, ta ce kuɗin ibada muka haɗa ba na yawon buɗe ido ba, kuma in wani abu ya same su a hanya alhakin yana wuyana. Yanzu na rasa tudun dafawa. In na fasa, na karya wa Baba zuciya. In na yi, ina tsoron wahalar da Inna. Don Allah ki ba ni shawara.

Wani ɗa daga Jidda

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka muku da alheri ku duka da kuka haɗa wannan kuɗi. Ɗan da ya riƙe zanen da mahaifinsa ya yi masa tun yana yaro, har ya girma yana neman yadda zai kai shi ya gani da idonsa, ya san haƙƙin iyaye. Kada ka fasa. Sai dai tafiyar da ka tsara, ta mai shekara 35 ce, da ƙafarka ka auna ta. Dole a sake aunawa da gwiwar Inna.

Mu fara da lissafin hanya, don Baba da kansa zai gane shi da zarar ka shimfiɗa masa taswira. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa kimanin kilomita 90 ne. Daga Ɗa'ifa zuwa Abha ta Baha ya haura 500, kusan nisan Kano zuwa Maiduguri, kuma a saman duwatsu, inda hanya take hawa tana sauka. Daga Abha zuwa Jizan akwai wajen 200, da gangare mai tsanani. Daga Jizan zuwa Jidda kuwa wajen 700 ne. In ka haɗa, kun zarce kilomita 1,500 a kwana 6, kai kaɗai a sitiyari, bayan tsofaffin nan sun gama ɗawafi da sa'ayi. Sa'ayi kaɗai ya kai kusan kilomita 3. Ma'anar wannan tsari ita ce kullum a tashi a haɗa kaya, kullum a kwana a sabon gado, kuma abin da Baba zai fi gani shi ne gilashin mota. Akwai wani abu da taswira take ɓoyewa, kai da kake can ka san shi: babbar hanyar da ta bi gaɓar Bahar Maliya, a takarda tana manne da teku, amma a zahiri mafi yawanta fili ne da rairayi, ruwan yana can nesa ba a hango shi. Mai son ganin teku sai ya ratse ya sauka a gari. Don haka doguwar tafiyar nan daga Jizan, wahalarta ta fi ganinta yawa.

Yanzu maganar Inna, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. "Duk yadda kuka yi daidai ne" ba amincewa ba ce. Magana ce ta macen da ta saba haɗiye son ranta don kada ta ɓata wa mijinta da ɗanta murna. Ta ga fuskar Baba ta washe, ta ga ka kashe kuɗi ka ɗauki hutu, ina za ta iya buɗe baki ta ce ba ta so? In ka sake tambayarta a gaban Baba, amsar nan za ta maimaita maka. Ka kira ta lokacin da ka san ita kaɗai ce, ko ka sa wadda ta fi sakin jiki da ita cikin 'yan'uwanka mata ta bugi cikinta. Kada a tambaye ta ko za ta je. A tambaye ta me take so ta gani, me take tsoro, awa nawa take iya zama a mota kafin ƙafarta ta fara tsami. Wataƙila ramin gefen dutse da za ta hango ta taga ne yake firgita ta. Wataƙila kunyar yin amai a gaban ɗanta da surukarta ce. Wataƙila kuma banɗaki ne, don mai ciwon suga tana yawan buƙatarsa, kuma banɗakunan gidajen mai na kan hanya da yawansu na tsuguno ne, abin da mai ciwon gwiwa ba ta iya yi. Irin wannan ba za ta taɓa faɗa wa ɗa namiji ba. Kowanne cikin waɗannan yana da magani, amma sai an san wanne ne. Kana iya tararwa ma tana da nata burin da ba wanda ya taɓa tambaya: ta zauna a bakin teku da yamma, ko ta ƙara kwana a Madina.

Yayarku ma ina so ka saurare ta da kunnen basira. Faɗan nata biyu ne a haɗe, ka raba su. Na farko tsoro ne, kuma tana da gaskiya a kansa, don tsarin kwana 6 ɗin nan abin tsoro ne. Ita ce a gida kusa da su, wataƙila ita take kai Inna asibiti, ta san abin da kai ba ka gani daga nesa. Na biyu maganar kuɗi ce. Tunda da sunan Umara aka tara, haƙƙin waɗanda suka sa hannu ne kada a karkatar da shi ba da saninsu ba. Mafita mai sauƙi ce: kuɗin taro ya tsaya a kan tikiti da biza da masaukin Makka da Madina, kuɗin mai da otal na wannan zagaye kuma ya fito daga aljihunka, ko daga wanda ya ga dama ya taimaka. Ka faɗa mata haka ƙarara, za ka ga rabin zafin ya sauka. Ka kuma tabbatar mata ba za a rage ko kwana ɗaya daga kwanakin Harami ba, tunda salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi dubu ɗari a waninsa, kuma ba wanda ya kawo tsoho daga Najeriya don ya tauye masa wannan. Amma inda ta ce ganin ƙasa wasa ne, a nan ban bi ta ba. Alƙur'ani a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara yadda duwatsu da tekuna suke, in ya tsaya a bakin tsauni ya ce Subhanallahi, bai fita daga ibada ba. Faranta ran mahaifi kuwa, kai ma ka san matsayinsa. Kada ka yi mata gardama da ayoyi ta waya, ɗana, yayarka ce. Ka tura mata sabon tsarin ka ce ta duba ta gyara maka. Wanda aka ba shi gyara ba ya zama abokin adawa.

Ga tsarin da nake ganin ya dace. Bayan Umara a bar su su huta aƙalla kwana biyu a Makka, ba inda za a je sai Harami. Sannan a hau Ɗa'ifa a yi kwana uku a masauki ɗaya. A sauko Jidda, gidanka, a yi kwana biyu. Daga nan a kama hanyar arewa zuwa Yanbu a kwana ɗaya ko biyu a bakin teku, a bi ta Badar a shiga Madina. Duk zagayen bai kai kilomita 1,000 ba, ba ranar da tuƙi zai wuce awa huɗu, kuma tafiya ce da ta tashi daga Harami ta sauka a Harami. Ina jin wannan ko Yaya ba za ta ƙi ba.

Ɗa'ifa kaɗai ta isa ta ba Baba abin da yake nema. Garin yana kan duwatsun Sarawat, kimanin mita 1,800 sama da teku, ya ɗara Jos tsayi nesa ba kusa ba, alhali Makka da ke gindinsa ba ta kai mita 300 ba. Cikin awa ɗaya da 'yan mintoci mutum yake barin zafin Makka ya shiga iska mai sanyi. Daga Hada, a bakin tsaunin, ana hango yadda ƙasa ta yanke ta faɗa zuwa kwarin Tihama. Wannan shi ne darasin da Baba ya yi shekaru yana koyarwa: yadda yankin Larabawa ya tsage daga Afirka, teku ya cika tsagin, gefen ya ɗaga ya zama wannan katanga ta dutse da ta miƙe har Yaman. Abin da zai gani a Abha, babban yayan wannan ne, amma dangi ɗaya ne. Ka bar shi ya yi maka bayani ko da ka sani. Tsohon malami ba abin da yake kewa kamar ɗalibi.

Hanyoyi biyu ne suke hawa Ɗa'ifa daga Makka, kuma a nan ne za ka raba gardamar jirin Inna. Hanyar Hada ita ce mai kyan gani, amma kwana-kwana ce tun daga gindin dutse har samansa, ga rami a gefe, kuma hukuma takan rufe ta in hazo ya sauko ko ruwa ya yi ƙarfi. Hanyar Sailul Kabir ta ɗan fi nisa, amma hawanta a hankali ne, ba ta juya ciki. Ku hau da Inna ta Sail, ku sauko ta Sail. Rana ta biyu da safe, bayan Inna ta karya ta sha magani, kai da Baba ku fita ku biyu ku gangara ta Hada ku dawo, ko ku shiga keken nan mai rataye a igiya da yake sauka daga Hada zuwa ƙauyen Kar, ku leƙa Shafa wadda ta fi Ɗa'ifa tsayi. Inna ta zauna da matarka a masauki, ko su shiga kasuwa su sayi zuma da ruwan wardi. Furen wardin Ɗa'ifa a Maris da Afrilu ake tsinkarsa, don haka ba za ku tarar da gonakin a buɗe ba, amma turarensa yana nan a shaguna duk shekara. Ba dole ne mata da miji su ga komai tare ba kafin a ce sun yi tafiya tare. Da yamma in kun dawo zai ba ta labari, kuma na tabbata hakan zai fi mata daɗi a kan ta ga ramin da idonta tana riƙe da leda. Ka gargaɗi Baba game da gwaggon biri da suka cika bakin hanyar Hada, kada ya sauke gilashi ya miƙa musu abinci, suna warta kuma suna cizo.

Akwai abin da zai haɗa su biyun a Ɗa'ifa. Nan ne Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya je a shekara ta 10 da aiko shi, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, mutanen garin suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a wata gona inda bawan nan Addas ya kawo masa inabi. Ya yi wannan hawa ne ba mota ba kwalta. Duk wanda ya ga tsayin dutsen da idonsa, ba zai sake jin wannan ƙissa yadda ya saba jinta ba. A tsakiyar gari kuma akwai masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a nan a shekara ta 68 bayan Hijira. Ku kai su su yi salla a ciki. Sannan ka tuna cewa miƙatin Ƙarnul Manazil yana kan hanyar Sail, takwaransa na Wadi Muharram kuma yana kan hanyar Hada. In suna da niyyar sake Umara a saukowa, a nan za su ɗauki harami, sai a taho da kayan haramin a mota. In kuwa Jidda za ku zarce, ku tambayi malami hukuncin ratsawa ta Makka tun kafin ranar, kada a zo bakin miƙati ana ja-in-ja a cikin mota. Ni dai ba na ba da shawarar Umara ta biyu a tsakiyar wannan zagaye, saboda gwiwar Inna.

Jidda gidanka ne, ba sai na koya maka ita ba. Abin da zan ce kawai, kada sabo ya sa ka raina ta. Ka kai su bakin teku bayan la'asar, da kujeru masu naɗewa da shayi a fulas, su yi magariba a masallacin Rahma da aka gina a kan ruwa, su ga maɓulɓular Sarki Fahad in dare ya yi. Tsohon gari, Balad, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, yana da gidajen dutsen murjani masu tagogin katako, amma lungunansa sai da ƙafa, don haka a je da keken turawa, a kuma taƙaita. Ka tuna wa Baba cewa Halifa Usman ne ya mai da Jidda tashar jiragen ruwa ta Makka, kuma ta wannan ruwa kakanninmu suke isowa bayan sun ratso Borno da Chadi da Sudan a ƙafa da kan jaki, wasu shekara da shekaru, su hau jirgin ruwa a Sawakin. Jikokin waɗanda ba su koma ba suna nan a Makka da Jidda da Madina, da yawansu ana kiransu Hausawi. In Inna ta ji Hausa a bakin wata tsohuwa a kasuwa, kada ka hanzarta ta, ka bar su su gaisa.

Daga Jidda zuwa Yanbu ya ɗan haura kilomita 300, hanya shimfiɗaɗɗiya ba hawa ba kwana, za a iya yada zango a Rabig. Yanbu gari ne mai natsuwa, ruwansa garau, yana da wuraren zama a bakin teku inda mota take isa har kusa. Daga nan zuwa Madina ta Badar ya ɗan haura 200. A Badar a tsaya a yi wa shahidai sallama, a ga filin da aka gwabza ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan Hijira. In kuma kun zo Jidda ka ga Inna ta gaji, akwai jirgin ƙasa na Haramain da yake kai mutum Madina cikin kimanin awa biyu. Ta bi shi ita da matarka, kai da Baba ku biyo ta Yanbu ku same su. Ka riƙe wannan a zuciyarka tun yanzu, don kada gajiyarta ta zama abin da zai sa ta ji ta ɓata wa kowa shiri.

To Abha fa? Na san za ka ji nauyin faɗa wa Baba an cire ta. Kada ka ce masa "saboda Inna", don kada ka ɗora mata laifin da za ta yi ta ɗauka har su koma gida. Ka ce masa ka sake lissafi ka ga kai kaɗai ba za ka iya tuƙin nan lafiya ba, kuma gaskiya ce. Ka kuma san cewa cire Abha alheri ne gare shi shi ma. Garin yana sama da mita 2,200, dutsen Sauda da ke kusa da shi yana kusan 3,000. A irin wannan tsayi iska takan yi ƙaranci, zuciya ta ƙara aiki, hawan jini yana iya ɗagawa, mai shekara 74 kuma bai kamata ya gwada ba sai likitansa ya ce to. In likita ya yarda, ransa kuma yana nan a kai, jirgin sama daga Jidda zuwa Abha awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Ku je ku biyu, kwana biyu, Inna tana gidanka da jikokinta. In bai samu a wannan zuwa ba, a bar shi ga wani zuwan in Allah ya nufa.

Sai shirin lafiya, wanda tun suna gida ya kamata a fara. Makonni kafin tashi kowannensu ya ga likitansa, a gaya wa likitan ainihin abin da za a yi, har da tsayin Ɗa'ifa da awannin mota. A karɓo takarda mai ɗauke da sunayen cututtuka da magunguna da yadda ake shan su, a sayi maganin da zai wuce kwanakin tafiya, a bar shi a kwalinsa na asali cikin jakar hannu. Ka kula ƙwarai da maganin ciwon gwiwar Inna: in akwai tiramadol ko kodin a ciki, Saudiyya tana tsananta doka a kansu, kada a shigo da su sai da takardar likita da bin ƙa'idar shigo da su. In tana allurar insulin, zafi yana lalata ta, ba a barin ta a motar da aka faka a rana, sai a ƙaramar jakar sanyi. Na'urar gwajin suga da ta awon jini su kasance a gaban mota, ba a but ba. Dabino ko lemon kwali ya kasance kusa da hannunta, don a hanya lokacin cin abinci yakan goce, suga ya faɗi. In ka ga tana gumi, hannunta na rawa, maganarta ta rikice, a gwada sugan nan take a ba ta abin zaƙi, kada a ce jirin mota ne. Ka adana lambar motar asibiti, 997, da ta ma'aikatar lafiya, 937, ka kuma duba inshorar da take haɗe da bizarsu da abin da ta ƙunsa. Tun kafin ka biya kuɗin otal ko ɗaya, ka tabbatar wa kanka daga kamfanin da ya yi musu biza cewa irin tasu ta ba su damar zagaya waɗannan garuruwa.

Maganin jiri kuwa, yawancinsa ba na kanti ba ne. Inna ta zauna a gaba, Baba ya yi haƙuri ya koma baya, ka roƙe shi wannan alfarma da kanka don ita ba za ta nema ba. Ta riƙa kallon nesa, kada ta duba waya ko ta yi karatu mota na tafiya, lazimi da carbi ya wadatar. Kada ta shiga mota da yunwa, kada kuma ta cika ciki da maiƙo. Citta tana taimaka wa mutane da yawa. Ƙwayoyin hana amai suna sa tsofaffi barci da magagi, kada a saya a kemis a ba ta sai likita ya zaɓa. A cire turaren mota mai ƙarfi. Duk awa ɗaya da rabi a tsaya, su fito su taka ƙasa na minti goma, don dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga waɗanda ba su daɗe da sauka daga jirgi ba. Kada ka jira su ce a tsaya, ba za su ce ba. Kai za ka ce kana son ka miƙe ƙafa. Ka sayi kujerar banɗaki mai naɗewa, ka sa buta da ruwa a mota, da ƙaramin matakala in motarka mai tsayi ce. Kuma kada su rage shan ruwa don gudun fitsari, tsofaffi suna yawan yin wannan dabara, tana kuma jefa su cikin matsala.

Na ga ina ta sa matarka a cikin shirin nan, alhali ba mu tambaye ta ba. Ka zauna da ita. Kula da suruka a hanya, a banɗaki da wajen alwala da sa takalmi, aiki ne, kuma akwai kunya tsakaninsu. In ta amince, ka gode mata a gaban iyayenka, ka kuma nemi inda yara za su zauna, don mota ɗaya da tsofaffi biyu da ƙananan yara ba hutu a cikinta. In ba za ta iya ba, kada ka riƙe ta a rai. A duba ko kuɗi zai isa a taho da mace ɗaya cikin 'yan'uwanka. In Yaya ce ma ta samu zuwa, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Game da masauki, ka kira kowane otal ka tambaya da bakinka: akwai lifta, banɗakin na zama ne, wurin wankan a ƙasa yake ko sai an ɗaga ƙafa an shiga kwami, mota tana isa bakin ƙofa? Ka kama ɗakin da ake iya sokewa ba asara. Ka sa kwanakin Ɗa'ifa su faɗo tsakanin Lahadi da Laraba, don Juma'a da Asabar mutanen Makka da Jidda suna cika ta. Nuwamba lokaci ne mai kyau, zafin gaɓar teku ya fara sauka, amma daren Ɗa'ifa yana da sanyi, a taho da rigunan sanyi da safa kamar na hunturu. Watan ruwa ne kuma a wannan yanki. Ambaliyar da ta ci rayuka sama da ɗari a Jidda a 2009, a Nuwamba ta auku. In an yi gargaɗin ruwa, a zauna a ɗaki ko da ranar ta salwanta, kada ka kuskura ka ratsa kwarin da ruwa yake gudu. Ka bar kwana ɗaya cikin hutunka ba a rubuta masa komai ba, saboda irin wannan rana.

Kai ma direba, jikinka amana ne. Ka duba taya da birki da ruwan inji kafin tashi. A gangaren dutse ka sa ƙaramar giya, kada ka danne birki har ya yi zafi. Ba tuƙin dare, ba tuƙi bayan cin abincin rana mai nauyi. Ku tashi bayan an karya kumallo, ku isa kafin la'asar. Sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salla, ku tambayi malami yadda ya hau kan kowannenku, tunda kai mazaunin Jidda ne su kuwa baƙi, kuma Inna ta yi sallarta a kujera ba tare da jin ta gaza ba. Ka tuna Manzon Allah ya umarci liman ya sassauta salla saboda a bayansa akwai mai rauni da mara lafiya da tsoho. Kai ne limamin wannan tafiya, kuma Inna ce a sahunka.

A wannan makon ka fara da kiran Inna, sannan Yaya, sannan ka tura wa Baba taswirar sabuwar hanya ka roƙe shi ya rubuta muku abin da za a lura da shi a kowane zango, daga duwatsun Hada har zuwa Badar. Ranar ganin likita kuma a sa ta yanzu, kada a bari sai biza ta fito. Allah ya kawo su lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya mai da su gida lafiya. Ka gaishe mini da su.